Bayan an zaɓi yaro a hokin ƙanƙara, ina ya kamata ya buga?

Ɗan Gefe: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin hokin ƙanƙara. Duk ƙarshen watan Yuni ƙungiyoyi 32 na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, suna zaɓen yara, zagaye 7, wajen mutum 224. Amma idan kaka ta buɗe a Oktoba, waɗanda za ka gani a fili cikinsu da wuya su wuce yatsun hannu. Sauran ina suke shiga? Kuma wa ke yanke inda yaro zai buga, ƙungiyar da ta ɗauke shi ko shi da iyayensa?

Kawu Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Zaɓen nan ba ɗaukar aiki ba ne, riƙe haƙƙi ne kawai. Ƙungiya ta ce yaron nan, in dai NHL zai buga, a wurinmu zai fara. Sharaɗin shiga zaɓen shi ne ya cika 18 zuwa 15 ga Satumba na shekarar. Inda zai je bayan nan kuwa, wurin da aka ɗauko shi ne ke yanke mafi yawansa.

Wanda aka ɗauko daga gasannin matasa na Kanada, wato OHL da WHL da QMJHL, waɗanda CHL ta haɗa, a tsarin da aka daɗe a kai ƙofa biyu kawai gare shi: ko ya samu gurbi a NHL, ko a mayar da shi ƙungiyarsa ta matasa. Yarjejeniyar da aka daɗe ana aiki da ita tsakanin NHL da CHL har zuwa kakar 2025-26 ta hana a tura shi AHL, gasar ƙwararru da ke ƙarƙashin NHL, sai ya cika 20 zuwa 31 ga Disamba, ko ya yi kaka huɗu a gasar matasa. Wanda aka ɗauko daga Suwidin ko Finlan ko Jamus wannan dokar ba ta hau kansa ba, yana iya zama a gida ya buga da manya, yana iya zuwa AHL yana ɗan 18. Ɗan jami'ar Amurka shi ma yana iya ci gaba da karatu da wasa, amma ranar da ya sa hannu a kwantiragin NHL, wasan jami'a ya ƙare masa.

Hajiyar Alƙaluma: Kawu, ka ƙara masa zancen kwantiragin farko, don rabin abin da ake yi wa yaran nan daga can yake fitowa. Wanda ya sa hannu tsakanin 18 da 21, shekara 3 ake ba shi. Ɗan 22 ko 23 shekara 2, ɗan 24 shekara 1. Albashin yana da rufi, bai kai dala miliyan ɗaya ba ga waɗanda aka zaɓa zuwa 2025, ban da ladan ƙwazo. Kuma farashi biyu ne: idan an sauke shi AHL, abin da zai karɓa a shekara bai kai dala dubu 100 ba. Tun da NHL tana da iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, yaron da ya iya wasa yana kan wannan kwantiragin shi ne kaya mafi araha a gasar. Shi ya sa ake ƙirga masa wasanni ɗaya bayan ɗaya. Ɗan 18 ko 19 da bai kai wasa 10 a NHL ba a kaka, shekarar ba ta shiga lissafi, kwantiragin ya matsa gaba. Don haka kake jin ana cewa an ba wane gwajin wasa 9. Akwai kuma iyaka ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba: wasa 40 a jerin 'yan wasan ƙungiya yana zama shekara guda cikin 7 da ɗan wasa ke buƙata ya zama mai 'yancin zuwa inda yake so. Leon Draisaitl a kakar 2014-15 ya buga wa Edmonton wasa 37, ya ci 2 kacal, aka mayar da shi WHL a Janairu. An ƙona shekarar kwantiragi, amma an tsira da waccan.

Ɗan Gefe: To Hajiya, in yaro ya fi ƙarfin gasar matasa amma bai kai NHL ba fa?

Kawu Mai Lissafi: Nan gizo ke saƙar. Dubi Shane Wright. Seattle ta ɗauke shi na 4 a 2022. A kakar farko wasa 8 ya buga a NHL, sauran ranakun yana zaune a sama cikin kwat yana kallo. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka bi ta ƙofar aron motsa jiki, wadda ba ta wuce kwana 14, aka kai shi Coachella Valley a AHL ya buga wasa 5. Daga nan gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20, inda ya jagoranci Kanada ta ci zinare, daga nan aka mayar da shi OHL, Windsor. Riga huɗu cikin 'yan watanni, koci huɗu, tsarin wasa huɗu. Da kaka ta zagayo ma sai da aka nema masa izini na musamman kafin ya zauna a AHL, saboda ranar haihuwarsa 5 ga Janairu ce, kwana biyar bayan wa'adi. Dokar nan an yi ta ne don masu ƙungiyoyin matasa su riƙe taurarin da ke sayar musu da tikiti. Kada wani ya ce maka don amfanin yaron aka yi.

Malam Na-Benci: Kawu, a nan zan ja da kai kaɗan. Komawa gasar matasa ba asara ba ce ga kowa. Abin da ke gina ɗan wasa mintuna ne, kuma ba kowane irin minti ba. Yaro a sahu na huɗu, wato rukunin 'yan gaba na ƙarshe, a NHL minti 8 zuwa 10 zai samu a wasa, aikinsa ya jefa faifai, wato ƙwallon hoki, can ƙarshen fili, ya bi shi, ya yi karo, ya fita. Sau nawa faifan zai zauna a sandarsa? Wannan yaron a OHL zai buga minti 20 ko fiye, shi ne a fili idan abokan hamayya sun rasa mutum saboda hukunci, shi ne a minti na ƙarshe idan ana neman ramawa. Draisaitl ɗin da Hajiya ta kawo, da ya koma Kelowna ta WHL sai da suka kai wasan ƙarshe na kofin Memorial, kofin zakarun CHL, a 2015, aka ba shi gwarzon gasar. A 2020 shi ne gwarzon NHL gaba ɗaya. Mitch Marner ma an mayar da shi ƙungiyar London ta OHL bayan zaɓen 2015, ya ɗauki kofin Memorial, ya shigo Toronto a shirye.

Inda na yarda da kai shi ne, kaka ta biyu ta komawa tana iya koya wa yaro munanan ɗabi'u. Wanda ya fi kowa a fili yana riƙe faifai daƙiƙa uku ba mai taɓa shi. Yana zama a kan ƙanƙara fiye da minti guda a shiga ɗaya, alhali a NHL daƙiƙa 40 zuwa 45 ake yi a sauya. Yana tsayawa a tsakiyar fili yana jiran a miƙo masa maimakon ya dawo ya taimaki 'yan baya. Kocinsa ba zai hana shi ba, don ci yake kawo masa. Duk waɗannan sai an kankare su daga baya.

Yaya Shuɗin Layi: Malam ya taɓo abin da nake so a faɗa wa mai tambaya dalla-dalla, wato mene ne ainihin abin da yaro ke rasa idan aka ce bai shirya ba. Ba iya harbi ba ne, ba iya yanka ba ne. Ƙananan abubuwa ne guda uku ko huɗu.

Ga ɗan baya, na farko shi ne ɗauko faifan da aka jefo bayan ragarsa. Yana juyawa ya bi shi, bayansa na fuskantar masu kawo hari. Kafin ya isa dole ya waiga ta kafaɗa sau ɗaya ko biyu, ya san ta ina mai matsa masa ya biyo, ya san ina abokin tsaronsa yake, ina ɗan gefensa ya tsaya. Idan sai ya taɓa faifan sannan ya ɗaga kai, an riga an manna shi da katanga. A gasar matasa mai binsa yaro ne ɗan 17 mai kilo 75. A AHL ƙato ne ɗan 28 mai kilo 95 da ke ciyar da iyali da wannan aikin. Na biyu tazara. Idan ɗan gaba ya taho da gudu, ɗan baya yana ja da baya da gudu daidai da nasa, tazarar kada ta wuce tsawon sanda ɗaya zuwa biyu a shuɗin layi, wato layin da ke shata yankin tsaron ƙungiyarsa. Yaro mai tsoron a wuce shi sai ya yi ta ja har ya shige cikin mai tsaron ragarsa, ya ba da layin kyauta. Wannan matsalar ƙafa ce kafin ta zama ta zuciya: wanda bai amince da juyawarsa daga baya zuwa gaba ba, ba zai taɓa matsowa kusa ba.

Ga ɗan gefe kuwa, jarrabawar tana jikin katanga a yankin ƙungiyarsa. Ɗan baya ya zagayo masa da faifai ta bango, faifan na birgima, ɗan bayan abokan hamayya ya sauko a kansa. Yana da ƙasa da daƙiƙa guda ya tare da takalmi ko sanda, ya sa jikinsa tsakani, ya tura wa ɗan tsakiya ko ya fitar da shi waje. Wanda ya kasa wannan sau biyu a zango ɗaya, zango na uku a benci zai kalla, ko da ya ci 50 a bara. Ɗan tsakiya nasa ya fi nauyi, shi ya sa ake fara yawancinsu a gefe, sai ƙashi ya yi ƙwari a mayar da su tsakiya.

Hajiyar Alƙaluma: Kuma ko waɗanda suka tsallake kai tsaye suna shan wuya. Jack Hughes, na 1 a 2019, maki 21 ya yi a wasa 61 a kakarsa ta farko, a 2022-23 ya yi 99. Joe Thornton, na 1 a 1997, maki 7 a wasa 55. Connor Bedard da ya tara maki 143 a wasa 57 a Regina ta WHL, da ya zo Chicago 61 ya yi a wasa 68, ga karayar muƙamuƙi a Janairu. Maki a nan ci ne haɗe da taimako, ga wanda bai saba ba.

Ɗan Gefe: Yaya, na gane. To me ya sa ake ta yabon hanyar jami'a yanzu?

Yaya Shuɗin Layi: Jadawali ne, ƙanena. Ƙungiyar OHL ko WHL wasa 68 take bugawa kafin wasannin fitar da gwani, sau da yawa uku a ƙarshen mako, ga doguwar tafiya a bas, musamman a yammacin Kanada. Yaro na dawowa da asuba, ya je makaranta, ya yi atisaye mai sauƙi. Ƙarfe ba ya ɗaguwa yadda ya kamata a irin wannan yanayi, nauyin da ya tara a hutu zubewa yake kafin Fabrairu. Jami'a wasa 34 ne, Juma'a da Asabar, Litinin zuwa Alhamis na atisaye da ɗakin motsa jiki. Ga shi kuma yana karawa da 'yan 22, 23, har 24, don da yawa sai sun yi shekara biyu a USHL, gasar matasa ta Amurka, ko makamanciyarta kafin su shiga aji ɗaya. Ga siririn yaro ko ɗan baya, wannan ya fi. Cale Makar ne misalin da kowa ke kawowa: daga Brooks a ƙaramar gasar Alberta, Colorado ta ɗauke shi na 4 a 2017, ya yi shekara biyu a jami'ar Massachusetts. A Afrilun 2019 ya gama wasan ƙarshe na jami'o'i, cikin kwana biyu ya shiga wasannin fitar da gwani na NHL, ya ci a wasansa na farko. A 2022 ya haɗa kyautar ɗan baya mafi ƙwazo da kofin Stanley na zakarun NHL.

Malam Na-Benci: Amma a faɗi ɗaya gefen. Wanda ya saba da wasa 34 zuwa 40, idan ya shiga kakar NHL mai wasa sama da 80 da tafiye-tafiyen jirgi, a Janairu ƙafafunsa ke mutuwa. Ɗan CHL ya san wannan wahalar tun yana 16, ya kuma san jerin wasa bakwai da ƙungiya ɗaya, inda ake karanta ka a toshe abin da ka iya. Jami'a wasa ɗaya ne a fitar da kai.

Kawu Mai Lissafi: Wannan gardamar ma ta canja kama. Da can wanda ya buga ko wasa ɗaya a CHL ya haramta wa kansa jami'ar Amurka, don hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana ɗaukar gasar a matsayin ta ƙwararru. Yaro ɗan 15 ko 16 ake sa wa ya zaɓi hanyar rayuwarsa. A Nuwamban 2024 aka soke wannan, ya fara aiki daga Agustan 2025. Nan take Gavin McKenna ya bar Medicine Hat ta WHL ya tafi jami'ar Penn State. Ina ganin tsarin da zai zauna shi ne CHL daga 16 zuwa 18, jami'a shekara ɗaya ko biyu, sannan ƙwararru. Ramin nan na ɗan 19 da muka yi magana a kai, jami'a ce za ta cike wani ɓangarensa, ga wanda bai yi gaggawar sa hannu ba. Su kuma ƙungiyoyin NHL suna da abin tsoro a hanyar jami'a: yaron da ya kammala shekara huɗu bai sa hannu ba yana iya kuɓuce musu. Haka Jimmy Vesey ya yi wa Nashville a 2016, ya gama Harvard ya tafi New York Rangers.

Baban Gola: Kun yi ta zancen 'yan fili, ku bar ni in sa baki kan masu tsaron raga, don agogonsu daban ne. Kowace ƙungiya raga ɗaya gare ta. Ɗan gaba ko a sahu na uku yana samun minti 13, gola na biyu kuwa sifili yake samu. Shi ya sa ƙungiya mai hankali ke gwammace ta tura golanta ɗan 20 ECHL, mataki na uku, ya tsare wasa 40, da ya zauna a bencin AHL ya tsare 15. Abin da gola ke koya ba a atisaye yake ba: hango faifai ta tsakanin ƙafafun mutum huɗu, karanta sandar mai harbi, sanin lokacin da zai fito gaban raga da lokacin da zai lafe. Yaran yanzu duk sun iya faɗuwa a gwiwa su baje ƙafafu su toshe ƙasa. Matsalar ita ce suna faɗuwa da wuri, mai harbi na NHL kuwa jira yake ka sauka ya ɗaga ta saman kafaɗa. Haka jingina da turken raga da gwiwa ɗaya a ƙasa: an ƙirƙiro shi don faifan da ke bayan raga ko dab da layi, yara suka mai da shi wurin hutawa ko faifan yana nesa, sai a ci su ta ƙaramin gurbin da ke kusa da kunne. Ga kuma ƙugu. Wannan faɗuwar sau ɗaruruwa a mako tana cin gaɓar ƙugu, shi ya sa masu horarwa na kirki ke ƙayyade yawanta a atisaye tun yaro bai gama girma ba.

Ku duba lokacin da manyan suka iso. Igor Shesterkin, na 118 a 2014, bai buga NHL ba sai Janairun 2020 yana ɗan 24, bayan shekaru a SKA ta Rasha da rabin kaka a AHL. Jordan Binnington an zaɓe shi a 2011, ya bi ta ECHL, har aro aka ba da shi ga ƙungiyar AHL ta wasu, sai a 2019 ya ɗauki kofi da St. Louis yana 25. Henrik Lundqvist na 205 ne a 2000, ya zauna Suwidin har 2005. Wanda ya yanke hukunci kan gola ɗan 21 ya yi gaggawa.

Hajiyar Alƙaluma: Baba, zancen Lundqvist ya kawo mu Turai, kuma ni a ganina tsarinsu ya fi sauƙin kai ga yaro. A Suwidin kulob ɗaya ne ke da ƙungiyar 'yan ƙasa da 18, da ta 'yan ƙasa da 20, da ta manya. Yaro na iya buga wa matasa ranar Laraba, ya zauna a bencin manya ranar Asabar, ba zaɓe, ba sayarwa. In ya fi ƙarfin matasa bai kai SHL, babbar gasar ƙasar, ba, sai a ba da shi aro a gasa ta biyu, Allsvenskan. Elias Pettersson daga Timrå a gasa ta biyun Vancouver ta ɗauke shi na 5 a 2017, ya hau Växjö a SHL, ya fi kowa maki a gasar da 56, suka ɗauki kofi, sannan ya ƙetare. Mataki-mataki, ba tsalle. Moritz Seider na Jamus ma haka: AHL yana 18, aro a Rögle ta Suwidin, sannan Detroit, ya zama gwarzon sababbin shiga a 2022. Har Ba'amurke ya bi ta can. Auston Matthews an haife shi 17 ga Satumba, kwana biyu ya hana shi zaɓen 2015, sai ya tafi Zurich ya buga da manya shekara guda.

Yaya Shuɗin Layi: Hajiya, ba a rasa nono a ruga, amma Turai ma tana da nata. Kocin SHL aikinsa yake karewa, akwai faɗuwa daga gasa. Sai ka ga an rubuta yaro ya buga wasa 30, ashe ɗan gaba na 13 ne, minti 4 yake samu, wani wasan ko ƙanƙarar bai taka ba. Duk mai duba alƙaluman yaron Turai ya fara duba mintuna kafin maki. Sannan fili: na NHL kusan mita 61 ne da 26, na Turai na gargajiya 60 da 30. Mita huɗun nan na faɗi su ne lokacin tunani. A babban fili ɗan baya ba ya bin mutum har kusurwa, tsakiya yake tsarewa. A ƙarami kowane harbi daga gefe haɗari ne, mai matsa maka kuma ya riga ya iso. Yawancinsu suna buƙatar wata uku zuwa kaka guda a AHL don wannan kaɗai.

Ɗan Gefe: AHL ɗin kanta, me ya hana ƙungiya ta cika ta da tsofaffi don ta ci kofi?

Kawu Mai Lissafi: Doka. Cikin 'yan fili 18 da ake sa wa riga a wasa, 12 dole su kasance ba su wuce wasa 260 na ƙwararru ba a farkon kaka. Tsofaffi ƙalilan kenan, kuma ana zaɓarsu da gangan, a haɗa ɗan baya mai shekara 30 da yaro ɗan 20 a layi ɗaya. Ƙungiyar NHL ce ke biyan yawancin albashin, ita ke naɗa koci a mafi yawan wurare, kuma tsarin wasa ɗaya ake bi sama da ƙasa don wanda aka kira da daddare ya san inda zai tsaya gobe. Sai dai agogo na tafiya. Ƙungiya kwantiragi 50 kawai aka yarda ta riƙe, kowace shekara sababbi na shigowa. Kuma wanda ya sa hannu yana 20, bayan shekara 3 ko wasa 160 a NHL, ba a iya sauke shi AHL sai an tallata shi ga sauran ƙungiyoyi na awa 24, mai so ya ɗauka kyauta kusan. To a nan ake lalata yara da yawa: ƙungiya na tsoron a ɗauke shi, ba ta kuma da gurbinsa, sai ya zama ɗan kallo yana 23.

Malam Na-Benci: Kuma gurbi na iya zama komai. Tage Thompson shekaru ana ganinsa dogon ɗan gefe da bai cika alkawari ba. Don Granato ya mayar da shi tsakiya a Buffalo a 2021, ya ci 38, kaka ta gaba 47. Brayden Point ya faɗo zagaye na uku a 2014 saboda gajarta da rashin gudu, Tampa ta haɗa shi da Barb Underhill, tsohuwar zakarar rawar ƙanƙara, ta gyara masa tsayuwa a kan kaifin takalmi da taku ukun farko. Gudu ana koyar da shi: lanƙwasa gwiwa da idon sawu, tura ƙafa gefe har ta miƙe, dawo da ita ƙarƙashin jiki. Ƙarfi ma ana samunsa. Sam Bennett a gwajin jiki na 2014 ko sau ɗaya bai iya ɗaga kansa a ƙarfe ba, aka yi ta dariya, a 2025 shi ne gwarzon wasannin fitar da gwani da Florida. Abin da ya fi wuyar dasawa shi ne ganin fili, kuma tushensa tun yarinta ne. Dalilin da ya sa Amurka da Kanada suka koma sa ƙananan yara wasa a rabin fili ko a faɗinsa ke nan, don kowa ya taɓa faifai sau da yawa a matsatsi. Karo da jiki ma an ɗaga shi zuwa shekara 13, Amurka a 2011, Kanada a 2013.

Ɗan Gefe: Akwai namu da ya taɓa bin wannan tsanin kuwa?

Hajiyar Alƙaluma: Akwai. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Ontario. Hanyar da Kawu ya zayyana ita ya bi sak: Guelph a OHL, Buffalo ta zaɓe shi a zagaye na uku a 1994, Rochester a AHL, sannan wasa 69 a NHL tsakanin Buffalo da Rangers da Atlanta, daga baya ya buga a Turai. Ɗan baya ne mai ƙarfi, kuma irin tarihinsa shi ne na mafi yawan waɗanda suka kai ma, ba na su Makar ba. Akim Aliu, haifaffen Okene, Chicago ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 2007, wasa 7 ya buga a NHL. Labarinsa ya shafi wani ɓangare da ba mu taɓo ba: yaro ɗan 16 da aka raba da gida, yana zaune a gidan mutanen da ƙungiya ta ba shi, a ɗakin sauya kaya kuma 'yan 19 da 20 ne ke mulki. A Windsor a 2005 ya ƙi yarda da cin zarafin da ake yi wa sababbi, abin ya zama rigima, sunan mai taurin kai ya bi shi shekaru.

Baban Gola: Ƙarin bayani ga Ɗan Gefe, in kana son bin wani yaro da kanka. Kada ka tsaya a maki. Duba shekarunsa da watan haihuwarsa, don ɗan 17 mai maki ɗaya a kowane wasa ya fi ɗan 19 mai ɗaya da rabi. Duba nawa ya samu lokacin da ake biyar da biyar, nawa lokacin da abokan hamayya ke da mutum a akwatin hukunci. Duba da wa yake sahu. A AHL kuma ka lura ko koci na sa shi lokacin da ƙungiyarsa ce ta rasa mutum, da minti biyun ƙarshe idan suna gaba da ci ɗaya. In ana sa shi a nan, kiransa sama ya kusa.

Kawu Mai Lissafi: Baba, na gola fa? Don kashi nawa ya tare a gasar matasa ba ya gaya mini komai, tsaron gabansa ne ke yin rabin lambar.

Baban Gola: Yawan wasan da aka ba shi a jere, da yadda yake yi a wasan da ya biyo bayan wanda aka cire shi. Sai kuma inda faifan ke zuwa bayan ya tare: kusurwa, ko gaban raga.